ABIN DA AUDUGA TA GOGE

Shafi na 17

Masu zagin Umma a ƙasan shafin jiya, na ga saƙonninku, har da baiwar Allahn da ta rubuto cewa da ita ce Auta da tuni ta bar musu gidan. Haba 'yar'uwa, yaro ɗan shekara tara ina zai je?

Sababbin shigowa kuma, ga inda muka tsaya. Auta yana da ciwon nan na ƙarancin ƙwayoyin da ke tsayar da jini, shekara ta uku ke nan. Bugun da wani yaro zai kakkaɓe ya wuce, shi sai jini ya kwanta masa a ƙarƙashin fata. Idan kuwa haɓo ya ɓalle masa, sai asibiti. Umma mai kwalliya ce, Abba mai fentin mota. Shi ne na farinsu, shi ne kuma autan, don tun da ciwon ya zo Umma ta ce ta gama. Yau ranar awon jini ce.

*

"Miƙo hannun, jarumi," in ji Sista.

Auta ya miƙa na dama, kamar kullum.

"A'a, wannan jijiyar ta gaji da mu. Yau ta hagu za mu roƙa."

Bai miƙa ba.

Umma tana zaune a kujerar roba, jaka a cinya, tana kallon agogon bangon da ya tsaya tun zuwansu na farko. Ba tsoron allura ya hana ta kallo ba. Tsoron ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage mata aiki ne kawai: a kawo shi, a ɗebi jini, a jira sakamako, a koma gida. Idan lambar ƙwayoyin ta hau, Auta ya je makaranta. Idan ta sauka, ya zauna. A gidansu ba Abba ke yanke hukunci ba, ba Umma ba, lamba ce.

"Auta, ba ta hannun," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Ya ba ta.

Sista ta naɗe masa hannun riga har sama, ta jiƙa auduga da sifirit, ta goga. Ta ɗaga audugar za ta jefa a kwando, sai ta tsaya.

Audugar ta fito ruwan ƙasa.

"Kai, jarumi, yau an yi wa wanka yajin aiki ne?"

"Ya yi wanka," in ji Umma.

Sista ta ɗauki wata, ta sake gogawa, wannan karon sama kaɗan. Da Umma ta juyo, abin da ta gani shi ne fatar ɗanta tana bin auduga. A ƙarƙashinta wata fatar ta fito, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi, gefenta ya fara komawa rawaya. Faɗinta ya kai tafin hannun babba.

Sista ta daina wasa.

"Ina zuwa. Kada ku tashi."

Ta fita. Ɗakin ya rage daga Umma sai Auta, sai fankar da ke juyawa kamar an yi mata dole.

"Wannan mene ne?"

Auta ya kawar da kai.

"Da kai nake."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Umma ta jira abin da ya kamata ya taso mata. Faɗuwar gaba, ko fushi, ko hawaye. Babu wanda ya zo. Abu ɗaya ne yake ta kai-komo a kanta: ai da safen nan ta duba shi.

Kullum ma dubawa take. Kowace safiya, bayan wanka, Auta yakan tsaya a bakin taga da gajeren wando, ya ɗaga hannuwa, ya juya a hankali, ya buɗe baki ta leƙa dasashi. Dokar a bayyane take. Tabo ɗaya, babu makaranta. Tabo biyu, babu ko ƙofar ɗaki. Watannin nan kuwa jikinsa tas yake fitowa, har ta fara gaya wa mutane an samu sauƙi.

Da ido take dubawa. Da ido kawai.

Tun ranar da ta riƙe masa dantse za su tsallaka titi, washegari ta ga shatin yatsunta a jikinsa, ta janye hannunta daga gare shi. Ba ta sake rungumarsa ba. Ba ta yanke shawarar hakan ba, haka nan hannun ya koyi zama a cinya.

Likita ta shigo, Sista a bayanta. 'Yar gajeruwar mace ce, tabarau a rataye a wuya, ita ke duba Auta tun farkon ciwon.

"Abokina, yaya makaranta? Yaran nan suna nan suna ce maka Ƙwai?"

Ya gyaɗa kai.

"Za mu gamu da su. Cire min rigar nan in gani."

Ya kalli Umma.

"Cire," in ji Umma.

Suka bi shi da auduga. Ƙwauri. Gwiwa. Ɗaya gwiwar. Gefen cinya. Bayan kafaɗa. Duk inda sifirit ya wuce sai wani ya fito, wani sabo, wani ya kwana biyu, wani ya kusa ɓacewa. Audugar ta taru a faranti. Auta sai lumshe ido yake yi idan hasken fitila ya dake shi. Tun safe haka yake. Shayi ma da burodi ture su ya yi, ya yi ta barci a mota.

Likita ta sa tabaraunta.

"Maman Auta, zan yi miki wata tambaya. Aikina ne in yi ta, kada ki ji haushi."

"Yi."

"Akwai mai dukan yaron nan?"

"Babu."

"Kin tabbata?"

"Ko taɓa shi ba a yi."

Ta faɗe shi yadda ake faɗin farashin sabulu. Sista ta ɗago ta dube ta, ta mai da kai.

Umma ta miƙa hannu ta ɗauki auduga ɗaya daga farantin, ta shinshina, ta murza tsakanin yatsu.

"Hodata ce."

"Taki?"

"Ta ruwa, mai tsadar. Wadda gumi ba ya ɗagawa. Na ga tana raguwa, na ɗauka zafi ke busar da ita."

Ta tashi, ta durƙusa gaban Auta, ta ƙura wa gwiwarsa ido, wajen da Sista ba ta gama gogewa ba. Ba kallon uwa ta yi ba, kallon mai sana'a ta yi, kuma Allah ya sani abin da ya fara zuwa mata shi ne aikin ya yi kyau.

Amma ba hannunta ba ne. Ita daddanna soso take yi. Wannan shimfiɗawa aka yi. An fara sa jan lemo a ƙasa don ya kashe shuɗin, an bari ya sha iska, sannan aka bi da kala siriri-siriri, hawa kan hawa. Kalar ma haɗa biyu aka yi sai da ta dace da fatar. Bakin kuwa an baje shi har ya ɓace, ba ka sanin inda ya fara.

Haka ake yi wa ƙofar motar da aka buga.

Ga kuma na bayan kafaɗa, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ga kuma wanka, da 'yan watannin nan Auta ya ce shi ya girma, kunyar Umma yake ji, Abba ne zai riƙa shirya shi.

Ta miƙe.

"Sista, don Allah, akwai wani mutum a bencin waje. Shuɗiyar riga, da fenti a farcensa. Ki ce ya shigo."

*

Abba ba ya shiga ɗakin nan. Cewa yake ba ya iya ganin allura. Mutumin da ke yini da injin yankan ƙarfe a kusa da ƙafarsa, wai allura.

Ya shigo da sallama, mukullin mota a hannu. Ya ga Auta ba riga. Ya ga farantin auduga.

Sallamar ta maƙale a rabi.

"Ba a gaban yaro ba," in ji Likita. "Ku koma can."

Can ɗin bayan labule ne, wajen gadon gwaji. Sista ta ja musu labulen kamar bango ne.

"Yaushe aka fara?" in ji Umma.

"Maman Auta..."

"Yaushe?"

"An ɗan jima."

"Ina kuke zuwa ran Asabar?"

"Kin sani ai. Gidan Goggo."

"Baban Auta, ni fa ba faɗa nake yi ba. Tambaya nake. Ina kuke zuwa?"

Ya juya mukullin a hannunsa.

"Gareji."

"Me yake yi a gareji?"

"Akwai fili a baya. Na share shi da kaina, ko ƙusa ɗaya babu. Na zuba yashi."

"Me yake yi a filin?"

"Keke."

Ta maimaita kalmar a ranta. Keke. Ba ta ji komai ba. Kamar an ce mata kujera.

"Da hular kwano," Abba ya ƙara da sauri. "Wallahi da hular kwano. Ko sau ɗaya bai taɓa hawa babu ita ba. Da abin gwiwa ma, sai dai shi ne yake zamewa. Ina biye da shi da gudu, ki tambayi 'yan garejin, dariya suke min, wai tsoho da tsere."

"Ya iya?"

Tambayar ta ba shi mamaki. Ita ma ta ba ta.

"Ya iya," ya ce a hankali. "Har kwana yake sha."

"To, madalla."

"Kada ki yi min haka."

"Yaya na yi?"

"Wannan muryar. Gara ki zage ni."

"Ba ni da ƙarfin zagi."

Ya dafa ƙarfen gadon.

"Kin san abin da ya sa? Wata rana na dawo aiki da wuri, kina da baƙi a falo. Na leƙa ɗakinsa. Yana zaune a bakin gado, hannu a kan cinya, ba littafi, ba waya, ba komai. Na ce Auta me kake yi? Kin san me ya ce min?"

Bai jira ta tambaya ba.

"Cewa ya yi, ina kiyaye jinina."

Fanka ta yi ta juyawa.

"Ɗan shekara tara, Maman Auta. Sa'anninsa suna waje suna cinye wandunansu da ƙasa, shi yana gadin jini. Na ce idan ka warke me kake so in saya maka? Ya ce ba komai. Na ce ko ƙwallo? Ya ce a bar shi, asara ce."

"Da ransa dai."

"Da ransa. Amma yaushe rabon da ki ji dariyarsa?"

"Kai yaushe rabon da ka ga jininsa?"

Ya kalli ƙasa.

"Ranar haɓon nan, wa ya riƙe roba? Ta cika na zubar, ta sake cika. Tawul ya jiƙe, na sa ɗankwalina. Leɓensa ya koma fari. Yana ce min Umma sanyi nake ji. Kai kana ina?"

"Ina waje."

"Kana benci."

"Ina benci."

"To ni ina ciki. Har yau ina ciki, ban fito ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga, da ya fi masa sauƙi.

"Kuma da hodata," ta ce. "Ka buɗe min akwati, ka zauna ka haɗa kala, ka tsayar da shi a gabana kowace safiya ina cewa alhamdulillahi. Kana tsaye a bakin ƙofa kana ji."

"Idan kin gani za ki kulle shi."

"Zan kulle."

"To kin gani."

"Wa ya koya maka sa jan lemo a ƙasa?"

Ya ɗago ya dube ta, kamar mai neman a yafe masa amsar tun kafin ya ba da ita.

"Ke."

"Ni?"

"Ranar da jini ya kwanta masa a kumatu, matar gidan sama take yawo da maganar wai dukansa kike. Za mu fita, kika zaunar da shi gaban madubi kika rufe. Ina tsaye. Shi ma yana kallo. Kika ce masa, ka gani, yanzu babu wanda zai sani."

Ta tuna. Har sosan da ta yi amfani da shi ta tuna.

"Shi ya kawo shawarar," in ji Abba. "Ranar da ya fara faɗuwa, na rikice, na ce shi ke nan mun shiga uku. Ya ce Abba kwantar da hankalinka, akwai abin Umma."

Umma ta gyara zaman jakarta a kafaɗa.

"To an gama. Daga yau babu gareji. Babu Asabar. Makarantar ma zan je in karɓo littattafansa, malami ya riƙa zuwa gida."

"Haba, Maman Auta."

"Wanka kuma ni zan yi masa."

"Makarantar ita kaɗai ta rage masa."

"Ni kuma shi kaɗai ya rage min."

Aka yaye labulen.

*

Likita ce. A bayanta Auta yana zaune inda suka bar shi, riga a cinya, Sista tana danne masa auduga a inda ta ɗebi jini. Kowace kalma ya ji, ba sai an faɗa ba.

"Kun gama?" in ji Likita. "To ku zauna, ni ma ina da tawa."

Suka zauna kamar ɗaliban da aka kama.

"Baban Auta, kai ba ka kyauta ba. Ni da wannan fatar nake aiki. Idan ka rufe min ita, ka rufe min ido. Watanni ina rage masa magani saboda ina ganin jikinsa tas."

Abba ya sunkuyar da kai.

"Maman Auta, ke ma ki saurare ni. Na sha gaya miki, ba lamba kaɗai nake dubawa ba. Yara da yawa masu wannan ciwon suna zuwa makaranta, suna wasa, akwai dai abin da muke hana su. Da kun zo kun tambaye ni keke, da mun zauna mun duba yaushe da kuma yaya. Tabon ƙwauri ba ya hana ni barci."

"Ni yana hana ni," in ji Umma.

"Na sani. Amma kin san wanda ke ba ni tsoro? Yaron da ya koyi ɓoyewa."

Ta jawo kujera ta zauna gaban Auta, har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Abokina, ni da kai ba ma 'yar haka. Waɗannan duk Abba ya san da su, ko?"

Ya gyaɗa kai.

"Akwai wanda Abba ma bai sani ba?"

"Babu," in ji Abba. "Ni nake duba shi, da na..."

"Ba kai na tambaya ba."

Auta ya duƙar da kai. Ya naɗe hannun rigar da ke cinyarsa, ya warware, ya sake naɗewa.

Sista ta daina abin da take yi.

"Auta," in ji Likita, "idan akwai, yanzu nake son sani. Ba anjima ba."

Ya ɗago, amma ba ita ya kalla ba.

"Umma."

"Na'am."

"Idan na faɗa, za ki cire ni a makaranta?"

"Faɗi tukuna."

"A'a. Ki fara cewa."

Ji yaro da ciniki. Yaron da ko ƙarin sukari bai taɓa roƙa ba.

"Auta, ba wasa ake ba."

"Ai kin riga kin ce za ki cire ni. Idan na faɗa kuma, ɗakin ma za ki..." Ya tsaya ya haɗiye yawu. "Gara in bar shi."

Likita ta juyo ta kalli Umma ta saman tabarau.

Umma ta san abin da ake jira. Ta buɗe baki, kalmomin suka fito da kansu, ba ta ji nauyinsu ba, ba ta kuma san ko gaskiya take faɗa ba.

"Ba zan cire ka ba."

"Ki ce kin yi alkawari."

"Na yi alkawari."

"Da keken?"

Abba ya rufe fuska da hannu.

"Da keken," in ji Umma.

Auta ya sauke numfashi.

Umma ta durƙusa a gefensa. "Nuna min," ta ce.

"Ba ya ganuwa."

"Kamar yaya?"

"Sai dai ki taɓa."

Hannunta yana kan jaka. Ta dube shi kamar na wata. Bai motsa ba.

Auta ne ya miƙo nasa ya kama shi. Tafinsa da ɗumi, ya kuma fi yadda ta sani girma. Ya ja hannun a hankali, ya zagaya da shi bayan kansa, ya cusa yatsunta cikin sumar da aka bari ta taru saboda tsoron rezar mai aski.

A can ƙasa, bayan kunne, akwai kumburi. Ya cika mata tafi. Taushi gare shi, kamar tumatirin da ya nuna ya wuce.

"Likita," in ji Umma. Muryarta ba ta canja ba. "Zo ki ji."

Likita ta riga ta miƙe.

"Ba a gareji ba ne!" Abba ya tashi tsaye. "Wallahi ba a wajena ba ne, da hula yake hawa, ko sau ɗaya kansa bai..."

"Ba keke ba ne," in ji Auta.

"To ina ne?" in ji Likita, yatsunta suna bin gefen kumburin. "A makaranta? Wani ya ture ka?"

"A gida."

"Yaushe?"

"Jiya da la'asar."

Jiya da la'asar Umma tana falo, tana gyara wa wata mata gira. Ta rufe shi a ɗakinsa kamar yadda take yi idan tana da baƙi, don kada 'ya'yansu su bangaje shi. Ɗakin da ta naɗe kowace kusurwa da soso. Ɗakin da ta fitar da tebur, ta cire madubi, ta shimfiɗa bargo a ƙasa.

"A ɗakinka babu abin da zai buge ka," ta ce.

"Yara ne suke ƙwallo a bayan gida. Tagar ta yi sama. Na tara filo a kan kujera na hau." Ya lumshe ido, ya buɗe. "Kallo kawai nake yi, Umma. Ban fita ba."

"Sai aka yi yaya?" in ji Likita.

"Filon ya zame. Na faɗo ta baya. Wajen ƙofa, inda bargon bai kai ba."

Umma ta tuna ƙarar. Tim, sau ɗaya. Ta ɗaga fensir daga girar matar ta ce, Auta? Ya amsa daga ciki, littafi ne ya faɗi. Ta ci gaba da gira.

"Ban ji kukanka ba," ta ce.

"Na cusa riga a baki."



Likita ta zaro ƙaramar tocila daga aljihu.

"Kanka yana ciwo?"

"Kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Yau ya fi."

"Ka yi amai?"

Ya saci kallon Umma.

"Da safe. A banɗaki. Na kora da ruwa."

Ta haska idonsa na dama. Ta haska na hagu. Ta koma na dama, ta daɗe a kansa.

Da ta yi magana, ba da muryar abokina ta yi ba.

"Sista, gadon turawa. Ki kira ɗakin hoto ki ce hoton kai ne, yanzu, su fitar da duk wanda ke ciki. Ki kira ma'ajiyar jini. A bi min sakamakon nan da gudu."

Sista ta fita, takalminta yana ƙara a baranda.

"Likita, mene ne?" in ji Abba. "Me kika gani? Ki gaya min, don Allah, me kika gani?"

"Matsa min daga hanya, Baban Auta."

Umma ba ta tambayi komai ba. Tana durƙushe, hannunta yana nan cikin sumar ɗanta inda ya ajiye shi. Tana jin ɗumin kansa, tana jin wani abu yana bugawa a ƙarƙashin yatsunta, ba ta san ko nasa ba ne ko nata. Ta nemi addu'a, ta samu farkonta, ta rasa sauran.

Auta ya jingino da goshinsa a kafaɗarta. Ya yi nauyi.

"Umma."

"Ina nan."

"Kin yi alkawari fa."

"Na yi."

"Litinin zan je."

"Za ka je."

"Kada ka yi barci, abokina," in ji Likita. "Ɗago ka kalli Umma. Yi mata magana."

Ya ɗago da ƙyar. Ya kalli fuskarta, sannan ya kalli gefenta, inda babu kowa. Ya miƙa hannu wajen, ya kama iska.

"Umma," ya ce, "ke wacce ce a cikin biyun nan?"